Majalisar Masu Ganga: Abin da Mai Shan Lemo Ya Gani

Kafin wani ya naɗe hannun riga ya fara yi mini wa'azi, bari in hutar da shi: kawuna ya riga shi, ta waya daga Zariya, har sai da katinsa ya ƙare. Ban taɓa kurɓar giya ba, kuma ba ni da niyya. Aiki ne ya kai ni mashaya a Sheffield. Wata uku ina kauce wa gayyatar abokan aiki ta yammacin Juma'a, sai na lura duk safiyar Litinin ana maganar abubuwan da aka riga aka yanke ba da sanina ba. Ashe ofis wurin sa hannu ne kawai, shawara a mashaya ake yin ta. Ranar da na bi su na nemi lemo da ruwan soda, kuma shi nake sha har yau.

Mutumin mu in ya ji an ce gidan giya, abin da ke zuwa masa shi ne lungun Sabon Gari, kiɗa na tashi, ana fasa kwalba. Wannan kuwa ɗaki ne kamar zauren wani tsohon alƙali: kafet da ya ga jiya ya ga yau, murhu na ci a kusurwa, ba kiɗa, ba talabijin, sai doguwar kanta ta katako da hannayen famfo takwas a tsaye kamar taɓare. Tana unguwar Kelham Island, inda a da ake sarrafa ƙarfe. A unguwar ce akwai mashayar da ta ci kambun ƙasa baki ɗaya shekara biyu a jere, 2008 da 2009. Tamu ba ita ba ce, kuma mutanenta ba su yafe wannan ba.

Baturen Ingila zai yi shekara goma yana maƙwabtaka da kai bai san sunanka ba. A mota ba ya gaisuwa, a jirgin ƙasa jarida ce katangarsa. Sai ya shigo nan bakinsa ke buɗewa. Cikin mako biyu na gane inda nake: teburin mai shayi ne aka yi wa rufi da ƙofa saboda sanyi. Ga kuma wata fa'ida da ba wanda ya gaya mini. A ɗakin da kowa ke sha, wanda bai sha ba shi kaɗai ke tashi da labari cikakke.

Na farko da ya kama ni shi ne wanda na sa wa suna Limamin Ganga. Gemu furfura, tumbi ya riga shi shiga ɗaki, takalmi sandal da safa a ciki, wani littafi mai kauri a hammata. Ya dubi lemona da irin kallon da ake yi wa maraya, ya jawo kujera ba tare da an ce bismilla ba. Na gaya masa ba na sha, addinina ya hana. Ya ce ba komai, ai sani ba sha ba ne. Daga nan ban sake samun damar buɗe baki ba sai bayan awa ɗaya.

Ga abin da na tsira da shi. A wurin Liman da irinsa giya iri biyu ce, mai rai da matacciya. Mai rai ita suke kira real ale, wato giyar gaske. Daga sha'ir ake yin ta, da ruwa, da yis, da furen wani tsiro mai yaɗo da ke ba ta ɗaci da ƙamshi. Ba a tace ta, ba a dafa ta don kashe abin da ke cikinta. Da yis ɗinta ake zuba ta a ganga, ta ci gaba da tsima a ɗakin ƙarƙashin ƙasa na mashayar, inda sanyi ke tsakanin digiri 11 zuwa 13. Ba a tura ta da iskar gas. Da ƙarfin hannu ake jawo ta, shi ne aikin taɓaren nan na kan kanta. Ganga ɗaya ta yau da kullum tana cin galan tara, kofi 72 ke nan na ma'aunin da suke kira fayint, wanda ya ɗan haura rabin lita. Da zarar an fara jawowa daga ganga, kwana uku ne zuwa huɗu, in ba ta ƙare ba ta fara komawa tsami. Matacciya kuwa ita ce wadda manyan kamfanoni suka cika ƙasar da ita a shekarun 1960: a tace, a kashe, a rufe a gangar ƙarfe, a hura mata gas, ta yi wata da watanni ba ta canza ba. Da ya ambaci wata mai suna Watneys Red Barrel sai da ya yamutsa fuska kamar wanda ya taka kashin kare, alhali an daina ganinta a kanta tun yana saurayi.

Na ce masa na gane, bambancin furar da Bafullatana ta dama maka a ƙwarya ne da furar roba ta cikin firjin kanti. Na yi masa bayani. Ya yi shiru, idonsa ya kawo ruwa, ya kama hannuna ya girgiza. Tun daga ranar yake gabatar da ni ga mutane a matsayin wanda ya fahimci al'amarin, abin takaici dai ba ya sha.

Liman yana da ɗariƙa. Sunanta CAMRA, wasu samari huɗu 'yan Ingila suka kafa ta a 1971 suna yawon hutu a ƙasar Ayalan, don takaicin abin da ake sayar musu a gida. Yau mabiyanta sun haura dubu ɗari. Littafin hammatarsa shi ne kundinsu, Good Beer Guide, wanda ke fitowa duk shekara da sunayen mashayu kusan 4,500 da suka yarda da su. Mashayar da aka cire daga ciki, mai ita kan yi kamar an yi masa rasuwa. Ban taɓa ganin Liman ya bugu ba, in faɗi gaskiya. Bakin da ke wa'azi ba ya samun sararin haɗiya.

Kusa da shi a aƙida, amma nesa da shi a hali, akwai Magatakarda. Shi ba ya magana da kowa. Zai shigo da jakar goyo da rigar ruwa, ya tsaya yana karanta allunan da ke maƙale a jikin famfo kamar mai duba sunansa a jerin waɗanda suka ci jarrabawa. In ya ga sunan da bai taɓa sha ba, sai ya nemi sulusin kofi, don doka ta yarda da wannan awo. Ya ɗaga shi saitin fitila, ya shinshina, ya kurɓa, ya wuskura a baki, ya lumshe ido, sannan ya ciro ɗan littafi ya rubuta suna da kwanan wata da maki, daga sifili zuwa biyar. Shi ke nan, ya gama da ita har abada. Ko da ita ce mafi daɗin abin da ya taɓa ratsa maƙogwaronsa ba zai sake saye ba, tunda ta riga ta shiga littafi. In kuwa ya tarar duk takwas ɗin ya san su, juyawa yake yi ya fita cikin ruwan sama ya nufi ta gaba. Na taɓa leƙa littafin. A gaban wata ya rubuta cewa ya ji ɗanɗanon biskit da ɓawon lemo da jiƙaƙƙiyar ciyawa, ya ba ta huɗu. Mu a gida in abin sha ya yi warin jiƙaƙƙiyar ciyawa, zubarwa ake yi a wanke kwanon.

Sai Sarkin Kujera, wanda ta kansa na koyi cewa baƙo ko da ido makaho ne. A ƙarshen kanta, gefen murhu, akwai wata doguwar kujera mai ƙafa uku. Zuwana na biyu na same ta ba kowa, na haye. Ba wanda ya ce mini uffan. Sai dai hira ta fara mutuwa teburi bayan teburi, kamar an ɗauke wuta unguwa-unguwa. Ƙarfe shida daidai wani tsoho mai hular ulu ya shigo, ya zo ya tsaya a bayana. Bai yi gyaran murya ba, bai taɓa ni ba. Ya karɓi abin shansa a wani kofin ƙarfe da aka sauko masa da shi daga ƙugiya, ya ci gaba da tsayuwa yana kallon bango. Minti ashirin muka yi a haka, ni ina mamakin me ya sami mutane, kafin wata abokiyar aikina ta zo ta ja ni da hannun riga tana ba shi haƙuri kamar na zagi mahaifinsa. Ya ce, "Ba komai." A bakin Baturen Ingila wannan kalma tana nufin akwai komai, kuma ba za a manta ba.

An ce ya fi shekara talatin a kan kujerar, tun yana aikin ƙarfe. Kalmominsa a dare ba su wuce goma ba, rabinsu a kan yanayin sama. Amma ranar da shida ta wuce da kwata bai shigo ba, mai mashayar da kanta ta aika yaro ya je ya ƙwanƙwasa masa ƙofa.

Yanzu sai in yi bayanin zagaye, don ba za a gane mutum na gaba ba sai da shi. In ku biyar kuka zauna, ba kowa ke sayen nasa ba. Ɗaya zai tashi ya saya wa kowa, in an shanye na biyu ya tashi, har a zagayo. Adashi ne, sai dai ba uwar adashi, ba littafi, kowa a kansa yake riƙe lissafi, kuma ba mai nuna yana riƙewa. Abin ya yi ƙarfin da a 1915, lokacin Yaƙin Duniya na Farko, sai da gwamnati ta haramta saya wa wani abin sha a yankuna da dama, don ma'aikatan ƙera makamai su riƙa zuwa aiki da hankalinsu. Wancan yaƙin ne ma ya jawo dokar rufe mashayu da rana, wadda ba a janye ta a Ingila ba sai 1988.

To, a kowane adashi akwai mai cin kwasar farko ya ɓace. Namu na kira shi Mai Igiyar Takalmi. Gwani ne, kuma ina girmama gwaninta ko a ina na gan ta. In za a shiga, shi ke riƙe wa kowa ƙofa cikin ladabi, don ya zama na ƙarshe a isa kanta. In kofuna suka kusa ƙarewa kuma layi ya zo kansa, nan take igiyar takalminsa ke kwancewa, ko wayarsa ta yi ƙara ba wanda ya ji, ko fitsari ya matse shi. Tun da aka hana shan taba a cikin mashaya a 2007 ya sami sabuwar mafaka, ya fita waje shan iska da masu taba, shi da ba ya busawa. Yana dawowa ya tarar wani ya gaji ya saya, sai ya bugi ƙirji: "Haba, ai nawa ne wannan! To na gaba nawa ne." Na gaban nan har yau bai iso ba. Kowa ya san shi, ba mai faɗa masa. Sai bayan ya tafi ake zama a yi masa hisabi, kofi bayan kofi, har da na bikin Kirsimetin shekarar da ta wuce.

Ni kuwa a wannan adashi kullum ni ke faɗuwa. Kofinsu kusan fam biyar ne, lemona bai kai rabin haka ba. In na saya musu aljihuna ya girgiza, in suka saya mini ko a jikinsu. Ga shi kuma zagaye biyar yana nufin kofi biyar na lemo da soda, wanda ba cikin ɗan Adam da aka halitta don ya riƙe shi. Haka nake ta zarya zuwa bayan gida fiye da masu shan, har wani baƙo ya taɓa ba ni shawara in rage.

Akwai wasu biyu da ba a raba su, kamar ɗan Kano da ɗan Zazzau a mota ɗaya. Ɗaya haifaffen Yorkshire ne, ɗaya aiki ya kawo shi daga Landan. Rigimarsu a kan kumfa ce. A arewacin Ingila ana ɗaura wa bakin famfo wani ɗan murfi mai ƙananan huda, giya ta fito da ƙarfi ta yi kumfa mai kauri a sama kamar kindirmo. A kudu ba a sa shi, kofi kan cika kusan har baki. Ɗan Landan ya ce cuta ce, ya biya kuɗin ruwa an ba shi iska yatsa biyu. Ɗan Yorkshire ya ce abin da suke sha a kudu kamar ruwan wanke-wanke ne da ya kwana. Duk mako sai ɗan Landan ya miƙa kofinsa ya ce a ƙarasa cika masa, duk mako sai ɗan Yorkshire ya dubi silin ya girgiza kai. Shekara shida ke nan, ba wanda ya matsa ko taku ɗaya, kuma tare suke tafiya gida.

Mai Guda Ɗaya ba ya buƙatar dogon bayani. Ba ya cire kwat, ba ya zama, mukullin gida na hannunsa, matarsa na jira, guda ɗaya kawai zai sha ya wuce. Shi ake kashe wa fitila.

Duk waɗannan talakawa ne. Sarauta tana bayan kanta, a hannun mai mashayar, mace mai kimanin shekara sittin wadda damtsenta na dama ya fi na hagu kauri saboda jan famfo. Ranar farko da ta ce mini, "Me za a ba ka, masoyi?" sai da na waiga in ga ko da wani take. Na kwana ina tunanin yadda zan yi mata bayanin cewa ina da iyali. Washegari direban bas, ƙato mai gashin baki, ya karɓi kuɗina ya ce, "Na gode, masoyi." Nan hankalina ya kwanta: a Sheffield haka ake kiran kowa.

Abin da ya fi ba ni mamaki game da ita shi ne layi. Mutanen da ke bin layi ko su biyu ne a tashar mota, a bakin kanta ba sa yin sa. Kowa ya jingina inda ya samu. Amma akwai layi, a kanta yake, kuma ba ta kuskure. Wanda ya ɗaga kuɗi yana kaɗawa, ko ya ƙwanƙwasa kanta, ya koma ƙarshe bai sani ba. Ita ke sauka ƙasa da sassafe ta kwantar da ganguna, ta huda, ta jira su lafa kwana ɗaya ko biyu kafin ta yarda a sha. Ita ta gaya mini abin da ke sa giyar ta yi garau: wani sinadari da ake samu daga jakar iskar cikin kifi, shi ke janye gurɓin ya kwanta a gindin ganga. Liman ya yi shekara yana yabon kamfanonin da ke haɗa giyar gaske, amma a gabanta murya ƙasa-ƙasa yake, don ya san ganga mai kyau a hannun rago kwana biyu take lalacewa. Sha ɗaya saura minti goma take kaɗa ƙararrawa, alamar sayen ƙarshe. Sai ka ga dattawa masu ciwon gwiwa sun miƙe kamar an yi kiran sallar da ba sa so ta wuce su. In ta kaɗa ta biyu, ko Firayim Minista ne sai gobe.

Daren Talata na kacici-kacici ne, kuma yana da nasa gwarzon, Malam Na-Sani. Malamin makaranta ne da ya yi ritaya, shi ke riƙe biro a ƙungiyarmu, kuma ba ya rubuta amsar kowa sai tasa. Ya san shekarar da aka kafa Sheffield FC, 1857, ƙungiyar ƙwallon ƙafa mafi tsufa a duniya, ya san sunan kowace matar Sarki Henry na Takwas su shida. Wani dare aka tambayi babban birnin Nijeriya. Kafin in buɗe baki ya rubuta Legas. Na ce Abuja ne, tun Disambar 1991. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ka tabbata?" Na ce a can na yi hidimar ƙasa. Ya yi jim, ya soke, ya rubuta, yana gunaguni cewa in mun faɗi alhakin na wuyana. Da maki ɗaya muka ci a daren, kyautar kuwa kofi huɗu na giya, aka raba ban da ni. Tun daga nan duk tambayar da ta shafi Afirka sai kowa ya juyo gare ni, ko da a kan kogunan Madagaska ce, in na ce ban sani ba su yi mamaki kamar na manta sunan ƙanena.

Karen gidan ma mutum ne, ta wata fuskar. Ba ya haushi, ba ya tashi wa kowa, ƙarar yage ledar soyayyen dankali kaɗai ke buɗe masa ido. Ni da shi mun yi yarjejeniya tun farko: kada ya lashe ni, ba zan kore shi ba. Ya fi Mai Igiyar Takalmi cika alkawari.

Saura mutum ɗaya, wanda na daɗe ban lura da shi ba. Yana zama a ƙaramin teburin da ke bayan ƙofa, inda ake ganin kowa. Ba ya cin gandar aladen da ake sayarwa a leda, gyaɗa yake saye. In lokacin salla ya yi sai ya ɓace minti goma ya dawo, an daina tambayarsa ina ya je. Watan azumi ba a ganinsa sam, kuma an ce Sarkin Kujera da kansa ya taɓa kashe kalma huɗu cikin gomansa yana tambayar ko lafiya. Kafin ya kai kanta an riga an matsa masa lemo an zuba soda, ƙanƙara biyu, ba uku ba.

Juma'ar da ta wuce na makara a ofis. Da na turo ƙofa sai na ji ɗakin tsit. Liman ya tsaya a tsakiyar jimla, Magatakarda ya ɗago daga littafinsa, ɗan Landan da ɗan Yorkshire suna kallon ƙasa tare. Wani saurayi ne da jakar tafiya, ga alama yanzu ya sauka daga jirgi, ya baje a teburin bayan ƙofa yana latsa waya. A garinmu da sai in yi masa sallama, in tambaye shi hanya da mutanen gida, in ce ɗan matsa mini. Na karɓi lemona, na je na tsaya a bayansa ina kallon bango. Da ya ɗago ya ce ko ya tare mini wuri ne, na ji bakina ya ce, "Ba komai."